Wa ya tsaya maka? Yadda na nemo wa shafinmu shaidu a intanet

Kawuna yana da rumfa a layin 'yan wake a kasuwar Dawanau, kuma tun ina aji uku a sakandare nake zuwa taya shi rubutu. Shi ya san hatsi, ni na san biro, daga baya kuma waya. Da na lura masu sayen riɗi da zoɓo daga Legas, har da waɗanda ke fitar da kaya ƙasashen waje, sun fara shigowa kasuwa da sunan dillalin da za su nema a rubuce a wayarsu, sai na tari ɗaya daga cikinsu na tambaye shi inda ya samo sunan. Ya ce Google. A makon nan na biya kuɗin adireshi da na wurin ajiye shafi, na yi dare uku ina haɗa mana namu: hoton rumfa, jerin kayan da muke sayarwa, lambar waya, da ɗan tarihin shekarun da Kawu ya yi a harkar.

Wata huɗu shafin nan yana zaune kamar rijiya a dokar daji. In na rubuta sunan rumfarmu, Google ya fito da mu. In kuwa na rubuta abin da mai saye zai rubuta, irin su "farashin wake a Kano", sai in yi ta juya shafi, na biyu, na uku, har na bakwai, babu mu babu alamarmu. Wa zai nemi sunan rumfar da bai taɓa ji ba?

A wani zauren WhatsApp na masu haɗa shafuka na kai kukana. Ba a yi minti goma ba wani ya biyo ni ta gefe ya ce matsalata baklink ce. Ya yi min bayani daidai gwargwado: baklink shi ne mahaɗin da wani shafi ya saka a jikinsa, wanda in an taɓa shi zai kawo mutum naka shafin, kuma Google yana ƙirga su kafin ya yanke wanda zai ɗora a gaba. Har nan gaskiya ya faɗa. Sai ya ce zai kawo min guda 500 cikin kwana biyar, a kan kuɗin da bai kai na kwano goma na wake ba. Na tura masa a take. Ranar da ya yi alkawari kuwa ya cika, ya turo min dogon jeri na adireshi, haɗe da hoton wata lamba da ake kira DA, wadda ya ce ta shafinmu ta tashi.

Na kai wa Kawu wayar yana zaune a kan buhu yana cin goro.

Ya ce, "Su wane ne mutum ɗari biyar ɗin? Sun san mu?"

Na ce, "Kawu, ba mutane ba ne, shafuka ne."

"Shafukan ba su da masu su? Kai ɗan nan, in baƙo ya zo kasuwar nan yana son kaya bashi, me muke fara tambayarsa?"

"Wa ya tsaya masa."

"To in ya jawo mana wanda ke tsaya wa kowa a kan kuɗin shayi fa?"

Ban ce komai ba. Ya miƙo min wayar ya ce in je in duba su ɗaya bayan ɗaya, in zo in gaya masa wanda ya san ƙwayar wake a cikinsu.

Bayan sallar isha'i na zauna na fara buɗewa. Na farko wani shafi ne da aka yi watsi da shi shekaru, a cikin harshen da ko haruffansa ban iya karantawa ba, ga adireshinmu can ƙasa a tsakanin ɗaruruwan wasu, na caca, na maganin ƙarfin maza, na bashin gaggawa. Na biyu haka. Na goma haka. Wasu ko buɗewa ba sa yi. Wasu kuma rajista ce kawai aka yi da sunan bogi aka manna adireshinmu a wurin bayanin mai rajista. Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin da aka rataya mahaɗin a jikinsu: kusan duka jimla ɗaya ce ta Turanci mai nufin "sayi wake mai araha", an maimaita ta sau ɗaruruwa kamar bugun hatimi. Na kai guda sittin na rufe kwamfutar. Sunan Kawu, wanda ya yi sama da shekara talatin yana tattalinsa, na ɗauka na ajiye a gefen tallan caca da kuɗina. Daren nan barci bai zo da wuri ba.

Daga nan na koma karatu, abin da ya kamata in fara yi tun farko. Ashe maganar Kawu ita ce tushen abin. Larry Page da Sergey Brin, tun suna ɗalibai a Jami'ar Stanford kafin su kafa Google a 1998, sun gina tsarinsu ne a kan cewa kowane mahaɗi shaida ce: shafin da ya nuna wani shafi ya tsaya masa ke nan. Suka sa wa lissafin suna PageRank. Amma shaidu ba nauyinsu ɗaya ba. Nauyin shaidar shafi yana zuwa ne daga waɗanda shi ma suka tsaya masa, sannan wannan nauyin ana raba shi ne tsakanin duk mahaɗan da ya bayar. Shafin da ba wanda ya san shi, kuma yana nuna wurare dubu, abin da zai ba ka bai kai ƙwayar gero ba. Tun da mutane suka gane mahaɗi kuɗi ne aka fara shaidar zur, Google kuma yake ta toshe ƙofofi. A 2005 aka fito da alamar nofollow, wata 'yar kalma da mai shafi ke maƙalawa a bayan mahaɗi don ya ce "ga hanya nan, amma ban tsaya masa ba". A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya mamaye sahun farko a binciken riguna da kayan shimfiɗa ta hanyar dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba ruwansu da tufafi. Kamfanin ya ce bai san da aikin ba, ya sallami waɗanda suka yi masa, amma duk da haka Google ya tura shi can baya na kusan wata uku. A watan Afrilun 2012 aka saki sabon tsarin tace mahaɗai mai suna Penguin, wanda ya durƙusar da shafuka masu yawa. A watan Disambar 2022 kuma Google ya sanar cewa manhajarsa ta SpamBrain tana gano mahaɗan saye ta mayar da su kamar babu su.

Wannan na ƙarshen shi ne ya same ni. Na shiga Search Console, wato shafin da Google ya ba masu shafuka kyauta don su ga yadda yake kallonsu, na duba sashen hukunci, babu komai a kanmu. Ba a hukunta mu ba, ba a kuma ɗaga mu ko taki ɗaya ba. Ita kuwa lambar DA da aka yi min kwalliya da ita, ba ta Google ba ce sam. Wani kamfani ne mai suna Moz ya ƙirƙiro ta, daga 1 zuwa 100, don hasashen ƙarfin shafi, kamar yadda Ahrefs ke da tasa mai suna DR. Suna da amfani wajen kwatanta shafi da shafi, amma ana iya kumbura su da tarkace, kuma Google ba da su yake aiki ba. Araha ba ta ado.

Na koma wa wanda ya sayar min na ce ya cire. Ya ce cirewa ma aiki ne, sai na sake biya. Ban biya ba. Google yana da wata ƙofa tun 2012 ta barranta daga mahaɗai, kuma shi da kansa yana cewa yawancin shafuka ba sa buƙatarta, an yi ta ne don wanda ya tara mahaɗan banza masu yawa har suka jawo masa hukunci ko suke shirin jawowa. Tunda ni da hannuna na saya, sai na ga gara in wanke hannuna. Na sauke jerin daga Search Console, na tace, na rubuta su a fayil na rubutu zalla, kowane layi ya fara da domain: sannan sunan shafin, na ɗora. Aikin yini guda ne, kuma ban ga wani canji a bayansa ba. Hankalina dai ya kwanta.

Sai tambayar da ta fi wuya ta taso. In mahaɗi shaida ce, me ke cikin shafinmu da wani zai tsaya wa? Na buɗe shi na kalle shi da idon baƙo. Hoton rumfa da lambar waya. Ni kaina da ina rubutu a kan noma, ba abin da zai sa in ce wa mai karatuna ya je can.

Amsar ta zo ne daga wata waya da wani ɗalibi ya yi mana daga Zariya. Ba saye zai yi ba, yana rubutun kammala digiri ne, yana so ya san kilo nawa ne a kwanon awo na Dawanau. Na ce masa buhu mai kilo 100 kwano 40 muke lissafa shi, ya raba ya gani. Ya ce wannan ai na masara ne, riɗi fa, zoɓo fa? Na yi shiru, domin ban sani ba, kuma da na tambayi dattawan layinmu kowa da tasa amsar. Ya ce ya yi kwana biyu yana nema a intanet bai samu wurin da aka auna aka rubuta ba. Yana ajiye waya na san na sami abin yi.

Na ari sikeli mai lamba a wurin masu riɗi, na ɗauki kwanon Kawu, tsohon kwanon da bakinsa ya ɗan lotsa, na shimfiɗa leda a gaban rumfa. Kowane irin hatsi sai na sa mai awo na gaske ya auna, ba ni ba, ya cika har ya yi tudu ya tare da hannu yadda ake yi wa mai saye, a juye a kan sikeli, in rubuta. Sau goma-goma, sannan in fitar da matsakaici. Farin wake, jan wake, masara, gero, dawa, waken soya, riɗi, gyaɗa ɓararriya, zoɓo. Kafin azahar mutane sun kewaye ni. Wani dattijo ya ce awon yaron can ba awo ba ne, hannunsa ƙarami ne, ya tuɓe hula ya durƙusa ya auna da kansa, sai ga bambanci ya fito a sikeli ƙarara, aka yi ta musu. Nan na ga riɗi bai kai wake nauyi ba a kwano ɗaya, zoɓo kuwa kamar iska ka ɗauka. Na kuma ga sabon wake na kaka da wanda ya kwana biyu a sito ba sa ba da lamba ɗaya. Duk na rubuta, har da sunan irin kwanon, da hotonsa kusa da abin auna tsawo, da ranar da aka yi awon, da cewa mudun wani gari ba lallai ya zo daidai da namu ba. Wannan bayanin na yadda aka yi awon, daga baya na gane shi ne ya fi jan hankalin masu ilimi, fiye da lambobin kansu.

Na haɗa da abu na biyu: farashin mako. Kowace Litinin da hantsi ina zaga layuka, in tambayi 'yan kasuwa uku a kan kowane kaya, in rubuta mafi ƙasa da mafi sama. A saman shafin na rubuta a fili cewa mu ma masu sayarwa ne, don kada wani ya ɗauka hukuma ce ke magana.

A nan na yi kuskuren da ya ci min makonni. Da farko a hoto nake fitar da jadawalin, mai launi, da sunanmu a ƙasa. Ya yi ta yawo a WhatsApp da Facebook, har na gan shi an yanke sunan namu an tura. Mutane sun amfana, amma shafinmu bai sami komai ba, domin hoto ana kwafarsa ne, ba a nuna inda yake. Ko da an saka adireshin ma, saƙon WhatsApp ba wurin da Google ke shiga ba ne, mahaɗan Facebook kuma da alamar nofollow suke fita. Wannan ita ce babbar matsalar mai shafin Hausa a ganina: jama'armu suna da yawa, suna karatu, suna turawa, amma kusan duk zirga-zirgar a cikin ɗakunan da ba a ƙirga shaidarsu ake yin ta. Sai na mayar da jadawalin rubutu na gaske wanda ake iya kwafar lamba daga ciki, na ba shi adireshi ɗaya tak wanda ba ya canzawa, sabon mako a sama, tsofaffi na bin sa a ƙasa. A cikin rubutu ina sa haruffanmu masu lanƙwasa yadda ya dace, amma a adireshi na cire su, domin harafin ƙ kaɗai in aka kwafe shi sai ya koma %C6%99, adireshin ya yi tsawo ya yi muni, wani ma ya yanke shi a hanya. Na kuma yi wa shafukan biyu kwafin Turanci, tunda masu bincike da masu fitar da kaya, waɗanda su suka fi mallakar shafukan da za su iya nuna mu, da Turanci suke rubutu.

Sannan na fara ƙwanƙwasa ƙofofi. Na rubuta jerin wurare kusan talatin: 'yan jaridar da ke rubutu a kan kasuwa, ƙungiyoyin manoma, malaman sashen tattalin arzikin noma, kamfanonin da ke haɗa masu saye da masu sayarwa. Saƙona na farko dogo ne, cike da gaisuwa da yabo, a ƙarshe ina roƙon a taimaka a sa mana mahaɗi. Ko mutum ɗaya bai amsa ba, kuma da gaskiyarsu, roƙo na je yi. Na sake salo. Sai in nemo takamaiman rubutun mutum inda ya ambaci kwano ko mudu ba tare da kilo ba, in rubuta masa layi huɗu: ga rubutunka na rana kaza, ga inda ka ce kwano, mun auna shi a Dawanau, ga sakamakon da yadda muka yi, in zai yi maka amfani. Ba na ko ambatar mahaɗi. In akwai lambar waya kuma, kira ya fi saƙo nesa ba kusa ba. Mutanenmu sai sun ji murya.

Na farkon da ya yi amfani da lambobinmu wani ɗan jarida ne. Ya kira ni ranar wata Litinin yana neman farashin gero, na karanta masa, washegari labarin ya fito da sunan rumfarmu a ciki, amma sunan a bushe, ba mahaɗi. Na kira shi na yi godiya, sannan na ce, "Yallaɓai, da za a sa mahaɗi a kan sunan nan, mai karatu zai iya ganin jadawalin gaba ɗaya, har na makonnin baya." Ya ce ba shi ke ɗora labari ba, amma zai yi magana. Ba a sa ba. Ban ja ba, na ci gaba da tura masa farashi duk Litinin kafin ya tambaya. A labari na huɗu sai ga shi an sa, a tsakiyar jimla, a kan kalmomin da ke cewa jadawalin farashin Dawanau. Bayan wasu makonni na gan shi ya bayyana a jerin masu nuna mu a Search Console. Na daɗe ina kallon layin nan guda ɗaya.

Wanda na fi alfahari da shi kuwa ta wata hanya ya zo. Ina bin shafin wata ƙungiya mai aiki da mata manoma, sai na ga suna da jerin wuraren ƙarin karatu, kuma mahaɗin da ya kamata ya kai mutum ga bayanin adana wake ba tare da magani ba ya mutu, in ka taɓa sai lamba 404 ta fito, alamar shafin ba ya nan. Na ɗauki mataccen adireshin na sa a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka, na ga abin da ke wurin a da: gajeren bayani ne da Turanci a kan buhun PICS. Wannan kuwa abu ne da muke sayarwa muke kuma amfani da shi kullum. Buhu ne mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. In aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su cinye 'yar iskar da ta rage, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Duk ɗan wake ya san muhimmancin wannan, tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ban kwafi tsohon bayanin ba. Na rubuta namu da Hausa, na ɗauki hoton hannun yaron shagonmu a kowane mataki: shanya waken ya bushe sarai, zuba shi, matse iska, murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Na sami lambar ma'aikaciyar ƙungiyar da ke kula da shirin, wata Hajiya mai magana a nitse. Na ce, "Ranki ya daɗe, mahaɗi na uku a shafinku na ƙarin karatu ya daina aiki. Mun rubuta bayani a kan abu ɗaya da Hausa, ko za ki duba." Ta ce in turo. Kwana tara shiru. A rana ta goma ta kira, ba don ta ce ta sa ba, sai don ta ce akwai gyara.

"Malam, ba ka ce a duba ledar kafin a zuba ba. Matanmu suna maimaita buhu shekara biyu, shekara uku. In akwai huda ko ta bakin allura ce, aikin banza aka yi. Ka sa a hura iska a ciki a matse a ji ko tana fita. Kuma ka rubuta cewa ba a yawan buɗewa ana ɗiba."

Gaskiyarta. Mu da ke sayar da sabo ba mu cika tunanin tsohon buhu ba. Na ƙara matakan biyu da hotunansu a ranar, na sake tura mata. Sai da ta ba wata ma'aikaciyarsu ta karanta wa mata a wani taro ta ga sun gane, sannan ta sa aka maye mataccen mahaɗin da namu. Daga fara magana zuwa ranar, wata biyu da 'yan kwanaki. Har yau ta wannan ƙofar mutane ke shigo mana kowane mako, kuma su ne suka fi daɗewa a shafin suna karatu.

Akwai tayin da na ƙi. Wani mai shafin labarai ya ce in biya ya buga rubutu a kanmu da mahaɗi a ciki. Na ce na yarda in zai maƙala alamar sponsored, wadda Google ya fito da ita a 2019 don mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa. Ya ce in an sa wannan ai ba ƙarfin da zai ba ni. Na ce na sani, talla nake so in saya in dai masu karatunsa masu sayen hatsi ne. Da na nemi ya nuna min yawan masu shiga shafin nasa, maganar ta mutu. Masu cewa "sa ni in sa ka" ma sun zo da yawa, mai sayar da takalma, mai gyaran waya. Na mutum ɗaya kawai na karɓa, wani mai motocin dakon kaya daga Dawanau zuwa kudu, domin wanda ya sayi buhu ɗari a wurinmu mota zai nema a gaba. Wikipedia ta Hausa kuwa, wani ya ba ni shawarar in je in cusa adireshinmu a maƙalar wake. Ban yi ba. Mahaɗanta duk nofollow ne, kuma ko ba haka ba, mutum ba ya tsaya wa kansa.

Sau biyu na kusa ɓarar da abin da na tara. Na farko, na sake fasalin shafin na canza adireshin jadawalin awo ba tare da tunani ba, sai duk mahaɗan da ke nuna tsohon suka koma faɗawa rami. Ɗalibin nan na Zariya ne ya ankarar da ni. Maganinsa umarni ne ɗan layi ɗaya mai lamba 301, wanda ke gaya wa mai shigowa da Google cewa an tashi daga nan an koma can dindindin. Na biyun ya fi ciwo. Wata Litinin zazzaɓi ya kwantar da ni, maimakon in bar makon babu komai sai na kwafi farashin makon jiya na canza kwanan wata. A makon ne masara ta motsa sosai, ɗan jaridar nan kuma ya ɗauka ya buga. Da Kawu ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mutumin nan ya sa sunansa a kan maganarka. Kira shi yanzu, a gabana." Na kira na faɗa masa abin da na yi, na rubuta gyara a saman jadawalin da jan rubutu na bar shi a wurin. Ya yi mako uku bai neme ni ba, sannan ya dawo. Tun daga ranar, makon da ban zaga da ƙafata ba, ina rubuta cewa ba a ɗauki farashi ba.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. A Search Console akwai layin da ke nuna sau nawa aka nuno ka a sakamakon bincike, da wanda ke nuna sau nawa aka taɓa. Na farkon ne ya fara ɗagawa, wajen wata uku bayan mahaɗin ɗan jaridar, na biyun ya biyo baya a hankali. Yanzu shafukan da ke nuna mu da gaske ba su kai ashirin ba, kuma kowanne na san wanda ya sa shi da dalilin da ya sa. Jadawalin awo ne ya fara hawa shafin farko, a kan tambayoyi irin su "kwano nawa ne a buhu", da yawansu an rubuta su ba lanƙwasa ko ɗaya, ridi a maimakon riɗi. Daga shi sai na farashi, sannan shafin kayanmu ya fara motsi, domin daga kowane jadawali na sa mahaɗi na cikin gida mai kai mutum can. A kan kalmomin Turanci na masu fitar da riɗi kuwa har yanzu muna baya, manyan kamfanoni ne a wurin, kuma akwai wasiƙu biyu da na aika tun kafin azumi da nake jiran amsarsu.

Makon da ya wuce wani Alhaji ya kira daga Maraɗi. Ya ce wani ɗansa ne ya nuna masa jadawalin awon a waya, ya karanta, amma yana da ƙorafi: tiyarsu ta can ba ta cikin lissafin, kuma a kan wannan bambancin suke yawan samun saɓani da mutanen Kano. Na ce, "Alhaji, ba ni da irinta a nan." Ya ce wannan ba matsala ba ce. Shekaranjiya direban wata motar wake ya tsaya a gaban rumfa ya miƙo min ƙulli a cikin buhun siminti, na kwance, tiya ce, an goge ta fes. Tana nan a ƙarƙashin teburin Kawu. Na riga na yi wa masu riɗi maganar aron sikeli ranar Litinin, dattijon nan mai faɗin hannu kuma ya ce kada a fara awon sai ya iso.